Ajiyar wake bana: fiya-fiya, ƙwayar bom, buhun PICS, jarka ko toka?

Duk wanda ya taɓa ajiye wake a Sakkwato ya san yadda abin yake, ka sayo shi da kaka fes yana sheƙi, kafin wata uku ko huɗu ka kwance bakin buhu ka ga ƙwari na tashi, ƙwaya duk huji, gindin buhu ya koma gari. Shi ya sa da wake ya fara sauka kasuwannin Achida da Illela da nan cikin gari tambayar kowa ɗaya ce, manomi da ɗan kasuwa da uwargida mai sayen na shekara: mi zan sa mishi? Wani ya ce ka yayyafa fiya-fiya, wani ya ce jefa ƙwayar bom, wani ya ce buhun nan mai leda biyu da ake kira PICS, tsofaffi kuma su ce toka dai tun kaka da kakanni. To bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Amma ka fara sanin abokin gabar. Ƙwaron wake ba daga sito yake fara shiga ba, tun a gona macen take ɗora ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar wake ta zauna tana ci daga ciki, kuma a zafi irin namu cikin mako uku zuwa huɗu ta zama babban ƙwaro ta fito ta sake yin wasu ƙwan. Wato waken da kake gani lafiya lau ranar da ka auna shi, da ƙwaronshi ka saye shi. Duk dabarar da ba ta kai ga na ciki ba, ko ba ta hana wanda ya fito sake haihuwa ba, ɓata kuɗi ne kawai.

Abubuwan da nake auna kowace hanya da su

Na farko lafiya, kuma ba ta mai ci kaɗai ba, har da wanda ya zuba maganin da hannunshi da yaran da ke kwana kusa da inda anka jibge buhunan. Na biyu ko tana maganin ƙwaron da gaske har na cikin ƙwaya. Na uku kuɗi, amma kuɗin shekara gaba ɗaya ba na ranar farko ba, don akwai mai arha yau wanda sai ka maimaita shi sau da yawa kafin damina. Na huɗu wahalar aiki. Na biyar, wanda mutane ke mantawa, sau nawa za ka riƙa buɗewa? Mai ajiya don ya sayar da bazara daban, uwargidan da ke ɗiba kullum don alala da ƙosai da shinkafa da wake daban.

Akwai sharaɗi guda da ya hau kan dukkansu: waken ya bushe ƙarau. Ka ciza, in ya fashe da ƙara to, in ya lotsa da saura. Ko ka samu busasshiyar kwalba ka zuba busasshen gishiri kaɗan da ɗan wake ka rufe ka girgiza ka bar shi, in gishirin ya manne a jikin kwalba akwai sauran laima, a mayar da shi rana. Hatsin da anka rufe da laima fumfuna yake yi, kuma a gyaɗa da masara wagga fumfuna ce ke haifar da gubar aflatoksin mai lalata hanta, wadda dafuwa ba ta kashe ta.

Fiya-fiya da 'yan uwanta irin su Sniper

Sinadarin da ke ciki sunanshi dichlorvos, a jikin kwalba za ka ga an rubuta DDVP. Arha gare shi, ko'ina akwai, ba ya son wata ƙwarewa, ka zuba a ruwa ka yayyafa ka juya ka ɗinke buhu, shi ya sa ya zama ruwan dare. Kuma gaskiya yana kashe ƙwaron da ya taɓa nan take. Matsalar aikinshi ita ce yana tashi a iska da sauri, bayan ɗan lokaci ƙarfinshi ya ragu, na cikin ƙwaya su fito, sai mai kaya ya sake feshi, wani ma ya ƙara yawa don wai na farko bai ji ba. Arha dai ba ta ado.

Ta fuskar lafiya kuwa nan ne babu wasa. Wanga sinadari yana toshe wani abu a jiki da ke kashe saƙon jijiya bayan ya gama aikinshi, sai jijiyoyi su yi ta aiki ba tsayawa: yawu na dalala, zufa, hawaye, amai da zawo, ƙwayar ido ta tsuke ta zama ɗan ɗigo, tsoka na rawa, ƙirji ya cika da majina numfashi ya gagara. Ba sai an sha ba, ta fata yana shiga, ta numfashi yana shiga, wanda ke juya wake da hannu tsirara a rufaffen shago shi ne na farkon kwasa. Hukumar binciken ciwon daji (kansa) ta duniya ta sa shi a jerin abubuwan da mai yiwuwa ne su jawo ciwon daji. Kuma ba mu kaɗai abin ya shafa ba, a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda wanga sinadarin, iyakarsu miligiram 0.01 a kilo guda, an samu samfurin da ya kai 4.6, ka lissafa ninki nawa ke nan. A 2019 kuma NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irenshi a kasuwanni da manyan kantuna, ko da yake kowa ya san har yanzu ba ya wuyar samu. Wanda ake ɗurawa a ƙananan kwalabe babu suna babu takarda ma ya fi muni, don babu mai gaya maka mi anka haɗa a ciki.

Ni a wurina wanga ba ya cikin zaɓi ma, na kawo shi ne don shi anka fi amfani da shi. Haka tsohon Gamalin da wasu ke ɓoye da shi har yau, shi kuma taruwa yake a kitsen jiki ya daɗe, an sa shi a jerin haramtattu na duniya tun 2009.

In tsautsayi ya faru wani ya sha ko ya zube mishi, a cire tufafin a wanke jiki da sabulu, kada a ɗura mishi manja ko madara, kada a sa shi amai, a ɗauki kwalbar a tafi asibiti da ita nan take, akwai allurar atrofin da likitoci ke yi kuma tana ceto in an kai da wuri.

Ƙwayar bom

Ita ce Phostoxin da sauran masu irin sinadarinta. Ƙwaya ce mai launin toka, gram 3, da ta sha laimar iska sai ta fara sakin wata iska mai guba da ake kira fosfin, kusan gram 1 daga kowace ƙwaya. Ta fi fiya-fiya aiki nesa ba kusa ba don iskar na ratsa buhu ta kai ga tsutsar da ke cikin ƙwaya, kuma in anka yi ta bisa ƙa'ida anka buɗe kaya ya sha iska, abin da ke saura a jikin waken kaɗan ne ƙwarai. Shi ya sa manyan sito-sito da kamfanoni ke amfani da ita. Kuɗinta ma ba yawa in ka raba kan buhuna.

To ina matsalar? Ƙa'idar ce ba a bi. Ana son wuri mai rufuwa ruf ko tamfol na musamman da anka danne gefenshi, a bar shi aƙalla kwana biyar zuwa bakwai, ƙwayar a naɗe ta a takarda ko ƙyalle kada ta taɓa hatsi, in an gama a kwashe garin da ta bari a binne, sannan wurin ya kasance nesa da inda mutane ko dabbobi ke kwana. Yanzu ka duba gidajenmu, ɗakin ajiya bango ɗaya da ɗakin yara, sama a buɗe ƙarƙashin kwano ɗaya, wani ma a ƙarƙashin gado yake tura buhun. Iskar nan ba ta san bango ba. Tana da wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi amma mai barci ba ya jin wari, kuma abin da ya fi tayar da hankali, ba ta da makari. Fiya-fiya ko ba komai akwai allurarta, wagga kuwa likita sai dai ya tallafi zuciya da numfashi ya jira ikon Allah. In ruwa ya taɓa ƙwayar ma tana iya kamawa da wuta.

Wani abu kuma, ba ta barin kariya. Ranar da ka buɗe iska ta fita, sabon ƙwaro na iya shiga washegari. Masu jefa ta cikin buhun algarara su ɗinke su jingine a shago, iskar ta tsere ta ramukan buhu kafin ta gama aiki, su ne ke shaƙa, ƙwarin kuma wasu su tsira.

Hodar hatsi irin Actellic

Wagga aƙalla don hatsi anka yi ta, akwai ma'auni a jikin ledar, ana barbaɗawa a cakuɗa. Haɗarinta bai kai na biyun can ba in an bi ma'aunin, tana kuma daɗewa tana aiki na wasu watanni. Sai dai dangin fiya-fiya ce ta wajen yadda take aiki a jijiya, tsutsar ciki sai ta fito take samunta, jabu ya yi yawa, kuma mutanenmu da cokali ko tafin hannu suke awo. Ga wanda zai ajiye iri na shuka ba laifi. Na ci kuwa, tunda akwai hanyar da ba guba sam, ban ga dalili ba.

Buhun PICS

Buhu ne mai hawa uku, leda biyu masu kauri a ciki sannan buhun saƙa a waje. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka sunka ƙirƙiro dabarar tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru, anka fara yaɗa shi sosai a Afirka ta Yamma daga 2007, kuma a Kano ake yin shi, kamfanin Lela Agro. Akwai na kilo 50 da na kilo 100. Babu magani ko ɗigo a jikinshi. Ka zuba wake, ka matse iska, ka murɗe bakin leda ta farko ka lanƙwasa ka ɗaure, ta biyu ma haka daban, sannan na waje. Ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye iskar da ta rage, su daina ci su daina haihuwa, daga nan su bushe su mutu, don ruwan jikinsu ma daga abincin da suke ƙonawa da iska suke samunshi. Waken da ka zuba da kaka haka za ka same shi da bazara ko damina, ka buɗe yau ka dafa yau, kuma iri ma yana tsira.

Kuɗinshi ya fi na buhun algarara sau da yawa, nan ne mutane ke ja da baya, amma ka kwatanta da kuɗin waken da ke ciki, bai wuce na 'yan kwanoni kaɗan ba, kuma in ka kula da shi yana yin kaka uku. Rauninshi guda ne babba: huji. Ɓera, ƙusa, tsinken kara da ya biyo wake, ɗan dako mai ƙugiya, ko yaro da ya ga leda ya soka mata tsinke, da iska ta samu hanya aiki ya lalace kuma ba za ka sani ba sai ka buɗe. Don haka a sheƙe waken sosai kafin a zuba, a hura ledojin a danna a ji ko suna sacewa, a ɗora kan katako kada ya jingina da bango, a share kewaye kada a bar tsaba a ƙasa tana kiran ɓera. Sannan a kula da jabu, akwai masu leda siririya da ake sayarwa da sunanshi, ka taɓa kaurin da hannunka kuma ka saya wurin dillalin kayan noma da ka sani. Kuma ba buhun buɗewa kullum ba ne, a bar shi rufe aƙalla wata biyu na farko, in an ɗiba daga baya a matse iska a ɗaure nan da nan.

Durum da jarka

Dabara ɗaya ce da ta PICS, hana iska. Durum na ƙarfe mai murfin dunƙule ko jarkar man girki mai lita 20 ko 25, a wanke ta bushe sarai, a cika ta har wuya ana girgizawa don wake ya zauna, a sa 'yar leda a baki a murɗa murfi tam. Cikawar ita ce sirrin, rabin jarka iskar da ke ciki ta ishi ƙwaro ya yi ɓarna kafin ta ƙare. Nan ɓera ba shi da ta cewa, kuma durum ɗaya zai yi maka shekaru. Durum da tsada a farko kuma in ya cika ba ya ɗaguwa, zubawa da juyewa ta ɗan ƙaramin baki ma aiki ne. Jarka kuwa ta fi dacewa da gida don kana iya raba waken kashi-kashi, ana cin ɗaya sauran na rufe, har gorunan ruwa na roba suna yi ga mai kwano biyu-uku.

Haɗarin a nan tarihin mazubin ne. Durum ko jarkar da ta taɓa ɗaukar fetur, gas, bakin mai, maganin feshi ko wani sinadarin masana'anta, wanki ba ya fitar da shi musamman roba da ke tsotsewa, kada a yarda ko da kyauta ne. In mai sayarwa ya kasa gaya maka mi ke ciki da, bar mishi kayanshi. Kuma a ajiye a inuwa, durum a ranar Afrilu ta Sakkwato da zafi ke haura digiri 40 zai gasa iri ya kashe shi.

Toka, barkono da rana

Toka tana aiki, ba camfi ba ne, amma ba ɗan barbaɗe ba. Kwano ɗaya na wake kwano ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka mai sanyi, a cakuɗa a tulu ko randa a rufe saman da wata tokar. Tana cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyi, ƙwaron da ya fito ya rasa hanyar motsi balle ya samu mace. Kyauta ce, ba guba, sai dai wa zai tara tokar buhu goma? Ga wanki kafin dafuwa. Kuma tokar itace ko kara zalla, ba ta juji da anka ƙona leda da batir a ciki ba. Barkono da ganyen dogon yaro suna ɗan korar ƙwaro na ɗan lokaci, kada ka dogara da su kaɗai.

Rana kuwa Allah ya hore muna ita. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, a ɗora baƙar leda, a baza wake siriri, a rufe da farar leda mai gani-gani a danne gefe, awa biyu da tsakar rana. Zafin da ke taruwa ciki yana wuce digiri 57, wanda ke kashe ƙwai da tsutsa da babba. Ba ta hana sabon ƙwaro shiga, don haka ba ajiya ba ce ita kaɗai, share fage ce kafin a zuba a jarka ko buhu, musamman in waken ya riga ya fara huji.

Ga su a jere:

| Hanya | Kuɗi | Daɗewa | Wahala | Haɗari ga lafiya |
|---|---|---|---|---|
| Fiya-fiya | kaɗan, amma ana maimaitawa | gajere | babu | babba, ga mai zubawa da mai ci |
| Ƙwayar bom | kaɗan | kashewa kawai, ba kariya | tana son ƙwararre da wuri na musamman | mai kisa a gida, ba makari |
| Hodar hatsi | matsakaici | wasu watanni | awo da cakuɗawa | matsakaici |
| Buhun PICS | matsakaici | buhu na yin kaka uku | kaɗan, sai tsaron ɓera | babu |
| Durum | da yawa a farko | shekaru | nauyi | babu, in mai tsabta ne |
| Jarka | kaɗan | shekaru | cikawa da juyewa | babu, in ta man girki ce |
| Toka | kyauta | watanni | da yawa | babu |

To wa ya kamata ya ɗauki wanne?

Hajiya mai sayen na gida, daga kwano biyar zuwa buhu ɗaya: a shanya a rana ƙarƙashin leda, a raba a jarkunan man girki, ana buɗe ɗaya bayan ɗaya. In akwai firiza da wuta tsayayya, kwana huɗu zuwa mako a ciki ma yana kashe su, amma mun san halin wutar tamu.

Manomi mai buhu biyu zuwa ashirin da ke jiran farashi ya tashi: PICS, ba tantama. In gidan ɓeraye sun yi yawa kuma ba tafiya kasuwa da kayan za a yi ba, durum ya fi, a riƙa sayen ɗaya-ɗaya duk shekara. Mai ajiyar iri kaɗan a ƙauye, toka a tulu ko jarka a inuwa ta wadatar.

Alhaji mai sito da ɗaruruwan buhuna, kai kaɗai ne ƙwayar bom ta dace da kai, shi ma in siton ba ya manne da gidan kowa, kuma ka kira wanda ya koyi aikin ya zo da tamfol da abin rufe fuska, maigadi ya kwana waje nesa har a buɗe a sha iska. Ko kai ɗin ka yi lissafin PICS tukuna, don yanzu akwai masu saye da ke tambaya ko an sa magani, kuma waken da ba a sa ma komai ba kana iya fitar da shi kasuwa ranar da farashi ya yi maka ba jiran wari ya fita.

Wanda kuma ba ajiya yake ba, kwano-kwano yake saye a kasuwa da bazara: ka ɗebo ka sunsuna, in ka ji warin magani ko ka ga farar hoda a hannunka wuce gaba. Wake a buɗaɗɗen buhu wata shida bayan kaka babu ƙwaro ko ɗaya a kai, ka tambayi mai shi a mi ya ajiye, in ya ce buhun leda ne ya nuna maka. A gida a wanke sosai, a tafasa a zubar da ruwan farko sannan a ɗora na dafuwa, masu ƙosai da alala kuma surfe bawon da wankewa yana rage wani abu. Ragewa ne dai ba cirewa duka ba, don haka waken da warin maganinshi ya fito fili kada a ce za a wanke a ba yara, kuma kada a zuba ma awaki ko kaji.